Me ya kamata ya shiga firji, me kuma ya fi dacewa a bar shi a waje?

Wata uwargida ta aiko da tambaya tana cewa firjinta kullum a cike yake maƙil: ƙofarsa ta cika da kwalaben mayonis da kecap da yaji da zuma da ragowar tumatirin gwangwani, cikinsa kuma ga tukunyar miya, ga markaɗe, ga nono, ga ƙwai, amma duk da haka abinci yana lalace mata, musamman a lokacin zafi da ake yawan ɗauke wuta. Tana son ta san abin da lallai ne ya zauna a firji, da wanda ba ya bukatarsa, da kuma tsawon lokacin da za ta iya amincewa da abin da ke ciki bayan wuta ta tafi.

Malama, abin da zan fara da shi, domin a kansa sauran bayanin ya tsaya, shi ne cewa firji ba ya kashe ƙwayoyin cuta, saurin yaɗuwarsu kawai yake ragewa. Ƙwayoyin da ke sa abinci ya zama guba sun fi jin daɗi tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan suka samu danshi da ɗumi, wasunsu kan ninka yawansu duk bayan minti 20, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta iya haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idoji biyar na kiyaye lafiyar abinci da ta fitar a 2001, ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, kuma a ajiye shi a sanyin da bai kai digiri 5 ba. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ƙara da cewa idan zafin wuri ya haura digiri 32, awa biyun nan ta koma awa ɗaya. Duk wadda ta taɓa tsayawa girkin rana a Kano ko Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu ta san cewa ƙa'idar awa ɗayan ce tamu.

Kafin ki zargi abincin, ki fara bincika ko firjin yana kai sanyin da ake bukata, wato digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Lambobin da ke jikin abin murɗawa na cikin firji, daga 1 zuwa 5 ko zuwa 7, ba digiri ba ne, ƙarfin aikin injin suke nunawa, kuma a yawancin firji babbar lamba ce ta fi sanyi. Ƙaramin ma'aunin zafi da za ki ajiye a hawan tsakiya shi ne kaɗai zai faɗa miki gaskiya. Sannan ki nemi takardar da kamfani ya liƙa a ciki ko a bayan firjin, za ki ga harafin da ke nuna irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Mai ɗauke da N ko SN an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, mai ST yana jure har 38, mai T kuma har 43. Da yawa daga cikin firji na hannu da ake shigo da su daga Turai na rukunin farko ne, don haka a tsakiyar bazara injinsu zai yini yana gurnani ba tare da cikin ya yi sanyin kirki ba. Idan naki irin wannan ne, ki matsar da shi daga kusa da murhu da hasken rana, ki bar tazara tsakaninsa da bango don zafin baya ya samu mafita. Ki kuma gwada robar bakin ƙofa: ki maƙala takarda ki rufe, idan kika ja ta fito salin-alin, to sanyi yana zurarewa ta nan. Cunkoso ma illa ne, domin iskar sanyi sai ta samu hanyar zagayawa kafin ta isa ko'ina, kuma wannan ne ya sa nake ganin rabin maganin matsalarki yana cikin fitar da abin da tun farko bai kamata ya shiga ba.

Abu huɗu ne ke hana ƙwayoyin cuta sakewa a cikin abinci ko da babu sanyi: bushewa, gishiri, sukari da tsami. Duk kayan ɗanɗanon da ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya tsare shi sosai, firji ba ya ƙara masa komai. Garin barkono, citta busasshiya, kanumfari, masoro, kori, dunƙulen ɗanɗano, garin kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawar da ta bushe ƙamas, duk wurinsu kwalba mai murfi a inda babu rana babu danshi. Saka su a firji yakan ma zama sanadin lalacewarsu. Idan kika fito da kwalbar yaji mai sanyi cikin ɗakin girki mai zafi, za ki ga nan da nan ta yi gumi, ɗigon ruwa ya lulluɓe ta, kuma da zarar an buɗe murfin, irin wannan raɓar tana sauka a kan garin. Bayan an yi haka sau da yawa sai yajin ya dunƙule, ƙamshinsa ya dusashe, a ƙarshe fumfuna ta hau shi. A yajin da aka daka da ƙuli-ƙuli wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gyaɗa da barkono suna cikin abubuwan da fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin take kamawa, gubar da ke cutar da hanta kuma girki ba ya kawar da ita. Yajin da ya yi fumfuna zubarwa ake yi, ba a shanya shi a sake daka shi.

Zuma ba ta bukatar firji ko kaɗan, yawan sukarinta da ƙarancin ruwanta sun ishe ta, sanyi kuwa daskarar da ita yake yi. Haka manja da man gyaɗa, da soyayyen man shanu wanda wuta ta riga ta kore ruwansa. Ɗanyen man shanu ne kaɗai a cikinsu yake son sanyi, saboda sauran ruwa da nonon da ke jikinsa.

Kayan kwalba na kanti suna tsaka-tsaki. Mayonis da kecap da mustad an haɗa su da khal ko ruwan lemon tsami, tsaminsu ya kai wanda yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya hayayyafa a ciki, ƙwan da ke cikin mayonis na kamfani kuma an riga an gasa shi da zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Kafin a buɗe su, kanta ta ishe su. Bayan an buɗe, firji ne wurinsu, kuma su ne suka dace da ƙofa, domin ƙofa ita ce wuri mafi ɗumi a firji, ita ke fara haɗuwa da iskar waje duk lokacin da aka buɗe, su kuwa za su iya jure wannan hawa da saukar. A firjin da sanyinsa ba ya yankewa, mayonis yakan yi kamar wata biyu bayan buɗewa, kecap wata shida, mustad har shekara. A inda wuta ke zuwa tana tafiya, shawarata ita ce ki riƙa sayen ƙaramar kwalba wadda za ta ƙare da wuri, ko da babbar ta fi araha. Abin da ya fi saurin lalata su shi ne cokali: cokalin da aka juya salak da shi ko ya taɓa baki, aka sake tsoma shi cikin kwalba, ya shigar da abin da tsamin ba zai iya tsarewa ba. Kuma ki bambanta mayonis a kwalbarsa da mayonis da aka cakuɗa da kabeji da dafaffen ƙwai da dankali. Da zarar an haɗa su, ruwan kayan lambu ya tsarma tsamin, salak ɗin ya zama abinci mai saurin lalacewa, ƙa'idar awa ɗaya ta hau kansa, abin da ake yawan mantawa da shi a wuraren biki da suna. Mayonis na haɗin gida da ɗanyen ƙwai shi ma ba shi da wannan kariya, don haka a yi kaɗan, a ajiye shi a cikin firji sosai ba a ƙofa ba, a cinye da wuri, kuma a nisanta shi daga ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi saboda ƙwayar salmonela, wadda ake iya samu a ɗanyen ƙwai, mai jawo gudawa da zazzaɓi.

Ragowar tumatirin gwangwani ki juye shi cikin kwalba ko roba mai murfi, domin tsaminsa yana cin jikin buɗaɗɗen gwangwani har ya ba shi ɗanɗanon ƙarfe, kuma ki yi amfani da shi cikin kwana biyar zuwa bakwai. Zuba mai a samansa, kamar yadda aka saba, yana jinkirta fumfuna domin ya raba shi da iska, amma ba ya maye gurbin sanyi. Idan fumfuna ta fito, kwashe saman bai wadatar ba, domin a abu mai laushi da ruwa saiwoyinta suna nutsawa ƙasa inda ido ba ya gani.

Markaɗe shi ne inda na fi son ki mai da hankali, domin shi ne abin da ya fi ba matan gida ciwon kai. Tumatir shi kaɗai yana da ɗan tsami, amma idan aka haɗa shi da tattasai da attaruhu da albasa, tsamin ya ragu. Ga shi kuma ya bi ta injin markaɗe na unguwa wanda ya niƙa wake da gero da kayan miyar gidaje da yawa kafin naki, an ƙara masa ruwa, ya fito da ɗumin injin a jikinsa. Idan aka rufe shi ɗanye a babbar roba aka tura firji, tsakiyarsa yakan daɗe bai yi sanyi ba, in kuma aka ɗauke wuta a daren, da safe za ki tarar murfin ya kumbura, yana huci idan an buɗe, kumfa ta taso, warin tsami ya bugi hanci. Hanyar da ta fi aminci ita ce ki ɗora shi a wuta ranar da aka markaɗo, ki bar shi ya tafasa har ruwansa ya tsotse ya yi kauri. Wannan ya kashe mafi yawan ƙwayoyin da ya kwaso, ya rage ruwan da suke rayuwa a ciki, ya kuma rage wurin da zai ci. Idan ya huce ki raba shi gwargwadon girki ɗaya ɗaya, na kwana uku zuwa huɗu ya zauna a firji, sauran ki zuba a ƙananan leda ki baje su fale-fale a firiza, domin abu mai faɗi ya fi dunƙule saurin daskarewa da saurin narkewa. Rabawar tana da muhimmanci: babbar roba ɗaya da ake fitowa da ita kullum ta narke a ɗiba a mayar, kowace fita tana ƙara wa ƙwayoyin cikinta lokacin hayayyafa.

Akwai haɗi ɗaya da ya shahara yanzu wanda yake da haɗari na daban, wato jajjagen tafarnuwa da citta da ake nutsarwa cikin mai a kwalba. Tafarnuwa daga ƙasa take fitowa, tana iya ɗauko irin ƙwayar da ke haifar da cutar botulizim, ba ta da tsami, mai kuma ya toshe mata iska, kuma rashin iska shi ne ainihin abin da wannan ƙwaya take so. Gubarta tana shanye jijiyoyi har ta hana numfashi, kuma ba lallai ta canza wari ko kamanni ba. Kada irin wannan haɗi ya kwana a waje, a firji ma kwana huɗu ne iyakar da masana da yawa suke bayarwa. Idan kina son ya daɗe, ki daskarar da shi ƙanana ƙanana a firiza.

Game da miya da sauran dafaffen abinci, kuskuren da aka fi yi shi ne tura tukunyar gaba ɗaya cikin firji, ko kuma barinta a kan murhu har dare ana jira ta huce. Babbar tukunyar miyar taushe ko farfesu tana riƙe ɗumi a tsakiyarta na awoyi masu yawa ko a cikin firji, kuma akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens da irinta ke tsira daga tafasa, ya farfaɗo a daidai wannan ɗumin, ya jawo murɗar ciki da gudawa bayan wasu awoyi. Ki juye miyar a kwanoni marasa zurfi, ko ki tsoma gindin tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi kina juyawa, da zarar tururi ya daina tashi ki rufe ki saka. Abinci mai ɗan ɗumi a ƙaramin mazubi ba ya lalata firji. Dafaffen abinci yana yin kwana uku zuwa huɗu a sanyi mai ɗorewa, kuma in za a ci, a ɗebi iya na ci a ɗumama shi har ya tafasa ko'ina. Shinkafa ta fi sauran tsanani, domin ƙwayar Bacillus cereus da ke tare da ita tana fitar da gubar da ɗumamawa ba ta kashewa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya tana ba da shawarar a sanyaya shinkafa cikin awa ɗaya, a kuma cinye ta cikin kwana ɗaya. Al'adar iyayenmu ta tafasa miya da dare a rufe ta kada kowa ya taɓa, a sake tafasawa da asuba, tana da hikima a cikinta, kuma a daren da babu wuta ta fi a bar miyar cikin firjin da ya mutu. Sai dai iyakarta kwana ɗaya, kuma ba ta aiki a kan shinkafa da taliya.

Ɗanyen nama da kaza da kifi wurinsu hawan ƙasa, cikin mazubi mai murfi, don kada jininsu ya ɗiga kan abin da za a ci ba tare da an dafa ba. Kaza da kifi da niƙaƙƙen nama da kayan ciki kwana ɗaya zuwa biyu suke yi a firji, manyan yankan naman sa ko na rago kwana uku zuwa biyar. Abin da ya wuce haka na firiza ne. A lokacin babbar salla ana yawan loda wa firiza naman layya mai ɗumi a manyan ledoji lokaci guda, sai na gefe ya daskare, na tsakiya ya yi kore. A bar naman ya sha iska ya tsane, a raba shi ƙanana, a saka a hankali, kuma a soya kaso mai yawa, domin soyayyen naman da ya bushe sosai da dambun nama da kilishi ba su dogara da wutar lantarki ba. Wajen narkar da daskararren nama, a sauko da shi cikin firji tun dare, ko a nutsar da ledarsa cikin ruwan sanyi ana canza ruwan duk rabin awa. Barinsa a rana ko a kan tebur yana sa bayansa ya yi ɗumi alhali cikinsa ƙanƙara ne.

Madara da yogot da kindirmo da awara su shiga can ciki ta baya, inda sanyi ya fi zama, ba a ƙofa ba, duk da cewa kwalbarsu ta fi dacewa da ramin ƙofar. Ɗanyar madarar shanu a tafasa ta tukuna, domin sanyi ba ya kawar da ƙwayoyin tarin fuka da na burusela (wata cutar dabbobi mai sa mutum zazzaɓi) da kan zo tare da ita. Kunun aya yana cikin abubuwan sha mafi saurin juyawa, a yi shi a sanyaya nan take a shanye a ranar ko washegari, zoɓo kuwa tsaminsa yana ba shi ɗan ƙarin kwanaki. Ƙwai yana yin mako uku zuwa biyar a sanyi mai ɗorewa, dafaffe kuma mako ɗaya, amma ƙwan da ya yi sanyi sannan ya fito zafi yakan yi gumi, danshin kuma yana taimaka wa ƙwayoyin cuta ratsa ɓawonsa. Saboda haka ko dai ya zauna a firji har ranar amfani, ko ki riƙa sayen kaɗan kina ajiyewa a wuri mai inuwa, kuma kada a wanke shi sai za a fasa. Ki kuma sani cewa akwai ƙwayar listeriya wadda take ci gaba da hayayyafa a hankali ko a cikin sanyin firji. Ita ce ta haddasa annobar da aka yi a Afirka ta Kudu a 2017 zuwa 2018, inda mutum fiye da 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, aka kuma gano tushenta a naman masana'anta da ake ci ba tare da an sake dafawa ba. Masu juna biyu su dafa sosej da makamantansa sosai kafin su ci.

Kayan lambu da na marmari ba duka suke son sanyi ba. Latas, kabeji, karas, alayyahu da sauran ganyaye su shiga durowar ƙasa, ba tare da an jiƙa su ba. Doya, dankalin Hausa, ayaba, agada da mangwaron da bai nuna ba tsire-tsiren ƙasar zafi ne, sanyin firji yana ɓata naman jikinsu, ya baƙanta su ko ya hana su nuna. Albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa wuri busasshe mai iska suke so. Tumatir yana rasa ƙamshinsa a ƙasa da kamar digiri 12, don haka a bar shi a waje har ya nuna, sai in ya fara laushi a saka shi don a ƙara masa kwana biyu. Amma duk abin da aka yanka, ko kankana ce ko gwanda ko rabin albasa, ya koma mai bukatar sanyi da murfi. Don kayan miya da ganye, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami mai suna Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga samun lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000, tana aiki sosai a lokacin rani da iska ke bushe, tana kuma rage wa firji kaya. Sanyinta dai bai kai na ajiye nama ko madara ba.

Idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyin da za a amince da shi kamar awa huɗu, firiza cikakkiya kamar awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. Waɗannan alƙaluma na hukumomin Amurka ne, a zafin bazararmu ki ɗauka lokacin bai kai haka ba. Kowace buɗewa tana rage shi, don haka ki ware wa yara ruwan sha a kula ko a randa. Ki cika duk wani fili na firiza da gorunan ruwa su daskare, in wuta ta tafi ki ɗauko biyu ko uku ki ɗora a hawan sama na firji, domin iska mai sanyi ƙasa take gangarowa. Don sanin abin da ya faru da dare ko lokacin da kika yi tafiya, ki daskarar da ruwa a kofi ki ɗora tsabar kuɗi a sama: idan kika tarar ta nutse ƙasa, kayan sun narke sun sake daskarewa. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi firiza, wanda ya narke amma yana da sanyi sosai a dafa shi nan take, wanda ya yi ɗumi kuwa a rabu da shi. Haka miya da madara da salak da dafaffen ƙwai da suka wuce awa biyu bayan sanyin firjin ya gushe. Kada ki dogara da shinshinawa ko ɗanɗanawa, domin ƙwayoyin da ke sa abinci wari daban suke da waɗanda ke kwantar da mutum, kuma na biyun galibi ba sa canza wari ko launi. Kecap da mustad da jam da ɗanyun kayan lambu da ba a yanka ba za su tsira daga irin wannan yankewar.

Idan ma'aunin da kika saka ya nuna cewa a yawancin kwanaki firjinki yana yini sama da digiri 5, to ki bar masa kayan kwalba da ganye da abin sha, ki mai da firiza ma'ajiyar markaɗe da nama tare da gorunan ƙanƙara, ki rage yawan miyar da kike yi ta zama ta kwana ɗaya ko biyu, kifi da kaza kuma a sayo su ranar da za a dafa.